Kafin Kafintan Tudun Wada Ya Ci Bashin Injin Tef: Martani

Kwanakin baya wani marubuci mai sharhi kan sana'o'in hannu ya yi wa kafintocin kudancin Kano doguwar nasiha a rubuce. Gundarin maganarsa shi ne, zamanin liƙa tef a bakin katako da hannu ya shuɗe, kuma duk mai shagon da ke son baɗi ta same shi cikin sana'ar, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, to ya nemi babban injin nan mai sarrafa kansa, wanda ake tura masa katako ta nan ya fito ta can a gyare. In kuɗi bai kai ba, a ci bashin banki. In sabo ya yi tsada, a sayi na hannu daga Turai. Ya ƙara da cewa wannan ne zai hana iyayen amare zuwa Kano sayen kayan ɗaki, kuma shi zai sa itatuwan dajin Falgore su huta, tunda kowa zai koma aiki da katakon kamfani.

Da ganin rubutun an san mai shi yana ƙaunar sana'ar, kuma matsalar da ya taɓo ta gaske ce. Shawarar da ya ɗora a kai ce ba ta zauna daidai ba. Mai ƙaramin shagon da ya bi ta ido rufe zai iya rasa jarin da ya yi shekaru yana tarawa, shi ya sa bai kamata maganar ta wuce ba a tanka ba.

A fara da inda ya yi gaskiya. Kayan ɗakin amarya sun sauya fuska. Gadon ƙarfe mai rumfa da kabad ɗin jeren kwanuka sun ja baya, saitin gado da sif da madubi da durowar gefen gado sun maye gurbinsu, kuma galibi da fallen MDF ko ɗan'uwansa HDF ake yin su. Wannan falle mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8 garin itace ne da aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe fuskokinsa biyu da wata fata mai sheƙi wadda ruwa ba ya ratsawa. Amma da zarar zarto ya bi ta kansa, bakin da aka yanka a buɗe yake, yana shan ruwa yana kumbura. Tef ɗin robar da ake liƙawa a wannan baki shi ne duk kariyarsa.

A yawancin shagunan yankin, wannan aikin yaron shago ne. Zai tsoma guntun katako cikin gwangwanin gam, ya shafa a bakin falle, ya shafa a bayan tef, ya jingine su su sha iska har gam ɗin ya daina kama yatsa. Sannan ya ɗora, ya bi da wani guntun yana dannawa, ya ɗauki reza ya aske abin da ya yi saura, ya bi da samfefa. In hannunsa ya faɗa, kuma ba a tsaya a kansa ba, aikin yakan yi kyau. In kuwa jibi ɗaurin aure, saiti uku na jira, ga ƙurar hunturu tana sauka kan gam kafin ya bushe, to ba a rufa wata shida sai kusurwar ƙofar sif ta ɗaga baki. Zanin amarya ya riƙa maƙalewa a wurin, yaro ya zo ya ja ya ƙarasa. Uwar amarya ta dawo shago da faɗa, kuma ita ke da gaskiya.

Injin da marubucin ke yabo ma babu mai musun ƙwarewarsa. Doguwar na'ura ce, wata takan kai mita huɗu zuwa shida, nauyinta ya haura tan guda. Sarƙa ce ke jan katako ta ratsa da shi tashoshi bi da bi: wuƙaƙen farko su share baki ya miƙe sumul, abin shafawa ya ɗebo narkakken gam daga tukunya, tayoyin ƙarfe su danne tef, wasu wuƙaƙe su datse kai da gindi, wasu su aske sama da ƙasa, a zagaye kusurwa, a kankare ragowar gam, a goge. Duk wannan cikin gudun mita 10 zuwa 20 a minti ɗaya. Kamfanin Homag na Jamus, wanda aka kafa a garin Schopfloch a 1960, ya fito da irinsa a 1962, lokacin da masana'antun Turai suka rungumi katakon gari suna buga kabad iri ɗaya dubbai. Yau akwai SCM da Biesse na Italiya, da Holz-Her na Jamus, da Nanxing da KDT na ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi. Dukansu an ƙera su ne domin wurin da katako ba ya yankewa daga safe har dare.

Nan ne lissafi ya kamata ya shigo, kuma babu lissafi ko na layi ɗaya a rubutun nasa. Kowane kafinta zai iya yin nasa da abin awonsa. A ƙaddara sif mai ƙofa huɗu ya ci mita 70 na tef, gado da madubi da durowoyi suka ci 50, saiti guda ya tashi mita 120. A ƙaddara kuma shagon yana kasuwa sosai, yana fitar da saiti takwas a wata. Mita 960 ke nan. Injin da ke gudun mita 10 a minti zai lashe wannan cikin minti 96. A ninka lokacin saboda ɗauko katako da juya shi da sauya launin tef, har yanzu bai cika awa huɗu ba. Wato na'urar da aka ci bashin miliyoyi dominta za ta yi aikin rabin yini, sauran kwanakin watan tana lulluɓe da tamfol. Kuma wannan a watannin biki ne, bayan kaka lokacin da masara da shinkafa suka shiga kasuwa, da 'yan makonnin da ke gaban azumi. Da damina, in kowa ya koma gona, wani shagon sai ya yi wata bai ga saiti biyu ba.

Akwai aikin da ya cancanci irin wannan inji. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Kano ta ɗaura aure 1,800 a auren gatan da Hukumar Hisbah ta shirya, kowace amarya da gadonta da katifa da sauran kayan ɗaki. Wanda aka ba kwangilar ɗaruruwan gadaje awo ɗaya, launi ɗaya, yana da hujjar sayen dogon inji. Kafintan Kofa ko na Daɗin Kowa ba haka kasuwarsa take ba. Wannan uwar amarya tana son fari da ruwan zinare, waccan ruwan ƙasa, ta uku ta kawo hoto a waya mai kan gado a lanƙwashe. Dogon inji kuwa miƙaƙƙen baki kaɗai yake liƙawa. Duk wata lanƙwasa ko zagaye, dole a koma wa ƙaramin inji ko hannu.

Sai maganar wuta, wadda marubucin ya wuce da jimla guda, wai a nemi janareta. Babban inji wuta mai layi uku yake ci, mai ƙarfin bolt 380 zuwa 415, alhali yawancin shagunan bakin titi layi ɗaya aka ja musu. Shi kaɗai yakan ja kilowat 6 zuwa 15, gwargwadon yawan tashoshinsa. Kuma ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar kwamfiresa mai ba shi busasshiyar iska da matsin bar 6 zuwa 7, domin da iska sassansa da yawa ke motsi. Yana buƙatar injin zuƙe ƙura, in ba haka ba ɓarɓashin roba ya toshe idanun lantarkin da ke gane wucewar katako. In an haɗa ukun nan, an wuce maganar ƙaramin janaretan fetur, an shiga ta mai dizal na KVA 20 ko 30, wanda kuɗinsa kaɗai ya isa jarin wani shagon.

Gaskiya ne madatsar Tiga tana nan cikin ƙaramar hukumar Bebeji, aikin zamanin Gwamna Audu Bako ce da aka kammala a 1974, kuma daga baya gwamnatin jiha ta gina tashar lantarki mai megawat 10 a jikinta. Amma an tsara wutar ne domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Shagunan da ke maƙwabtaka da ruwan suna kan layin kamfanin wuta na KEDCO kamar kowa. A tsarin da hukumar NERC ta raba masu amfani da wuta, 'yan rukunin A ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga musu farashi daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Ƙauyuka da ƙananan garuruwa ba kasafai suke cikin wannan rukuni ba. Ko an kawo wutar, sau da yawa ba ta da ƙarfi, ko layi ɗaya cikin ukun ya ɗauke, kuma babu abin da ke ƙona kwayil kamar wannan. A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar layin Ugwuaji zuwa Apir, jihohin Arewa da dama har da Kano sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, daidai lokacin da odar kayan ɗaki ke fara shigowa. Mai dogara da janareta kuma ya san inda farashin mai ya koma tun 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi. Fetur ɗin da ake saye ƙasa da naira 200 ya haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, dizal kuwa tun kafin nan ya yi gaba.

Akwai kuma abin da sai wanda ya tsaya kusa da injin yake sani. Tukunyar gam sai ta yi wajen minti goma sha biyar ko ashirin tana ɗaukar zafi kafin a tura katakon farko, janareta yana shan mai duk tsawon lokacin. Tayar da wannan tsari gaba ɗaya saboda ƙofofin sif guda huɗu asara ce tsagwaronta. In kuma wuta ta ɗauke katako yana tsakiyar inji, sai an ɓanɓare tef ɗin, an kankare gam, an sake daga farko.

Shawarar sayen na hannu daga Turai ta fi kowace haɗari. Injin da ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin a wata masana'antar Jamus yana da ƙwaƙwalwar kwamfuta, da bawul-bawul na iska, da ƙananan motoci masu juya wuƙaƙe sau 12,000 a minti. Ɗaya ya mutu, duka ya tsaya. Kasuwar Ƙofar Ruwa cike take da kayan gyaran mota da na gini, amma ba nan ake samun fanel ɗin da mai ƙera shi ma ya daina yi ba. In an dace yana samuwa, da dala ko yuro za a saya, kuma dalar da ake sayarwa kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Mai gyara sai an ɗauko shi daga Kano, wani lokaci daga Legas, a biya masa mota da masauki. Daga Kano zuwa Falgore kimanin kilomita 150 ne, Riruwai kuma tana gaba. In daga Amurka injin ya fito, ga wata sabuwa: wutarsu tana juyi 60 a daƙiƙa, ta Najeriya 50, ƙarfin bolt ɗin ma ba ɗaya ba ne.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne marubucin bai ambaci zarto ko sau ɗaya ba. Tef yana bin bakin da aka yanka masa ne. In da zarton hannu mai lantarki aka yanka falle ana bin layin fensir, ko da teburin nan na ƙirar gida da ake soko faifan zarto ta ƙasa, bakin zai fito da tudu da kwari, fuskar mai sheƙi ta tsattsage a gefe. Babu injin da zai ɓoye wannan duka. Wuƙaƙen share baki milimita ɗaya ko biyu kawai suke ci, kuma masu arhar cikin injunan da yawa ba su ma da su. Abin da ya kamata shago ya fara mallaka shi ne zarto mai tebur mai zamewa, wanda ke da ƙaramin faifai a gaba yana tsaga fuskar ƙasa kafin babban faifan ya iso. Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba, zarton hannu mai bin dogon ƙarfen saiti, da faifai mai haƙora da yawa, zai kai shi nesa. Kafintan da ke da kuɗin na'ura ɗaya tak, zarto ya kamata ya saya.

Gam ma bai samu shiga rubutun ba, alhali shi ke riƙe da aikin. Yawancin injuna da gam ɗin EVA suke aiki, 'yan ƙwayoyi ne da ake narkarwa a zafin digiri 180 zuwa 200. Yana da araha, yana da sauƙin sha'ani, in ya daskare a tukunya gobe a sake narkar da shi. Rauninsa shi ne zafi yana sassauta shi. A Turai ba a damuwa da wannan sai kusa da murhu. A nan kuwa, a watan Afrilu zafin inuwa yakan haura digiri 40, kuma a buɗaɗɗiyar mota ake ɗaukar kayan amarya da rana tsaka, baƙin katako ya sha rana a hanya, a sauke shi a ɗakin kwano marar silin. Mai arhar EVA, wanda aka cika da garin alli don ya yi auki, a irin wannan hali yake sakin tef. Ana sayar da mai jure zafi, kuma ɗan ƙarin kuɗinsa ya fi a dawo wa mutum da sif shago. Shi kansa tef ɗin akwai mai kyau akwai na banza. A bayan mai kyau akwai wani shafi da kamfani ke yi domin gam ya samu abin kamawa. Siririn nan mai kaurin milimita 0.4 ya isa cikin durowa, amma ƙofar da ake buɗewa kullum tana son mai milimita 1 ko 2.

Ɗayan gam ɗin shi ne PUR, wanda ke kamawa ta hanyar shan laimar iska, in ya kama kuwa ba ruwansa da zafi ko ruwa. Shi ya fi dacewa da kabad ɗin kicin. Amma wannan hali nasa shi ne haɗarinsa a wurin da wuta ba ta da tabbas, domin in ya ƙulle cikin tukunya ba ya sake narkewa. Dole a wanke hanyarsa kafin a ajiye inji, kuma wankin da zafi ake yi. A ce wuta ta ɗauke da la'asar, janareta ya ƙi tashi, aka kwana biyu a haka cikin laimar watan Agusta a Doguwa, inda ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa. Sai dai a kwance tukunyar a yi ta sassaƙa, ko a sayi wata.

Hunturu ma da nasa. Masu yin gam suna son katako ya kasance da ɗumin digiri 18 ko sama da haka. Fallen da ya kwana a waje cikin sanyin Janairu na duwatsun Riruwai zai daskarar da gam kafin tayoyi su danne tef, aiki ya fito kamar ya kama, bayan mako ya saki. Ƙura a bakin katako ma haka take yi. Abin yi kawai a shigar da falle ciki ya kwana, a jira hantsi, a goge baki kafin a liƙa.

In kuma za a faɗi gaskiya, sif ɗin da ke kumbura a ɗakunan amare, da yawansu ta gindi suke farawa. Kafinta ya liƙa tef a inda ido ke gani, ya bar bakin da ke zaune kan siminti tsirara don ya rage 'yan mitoci. Amarya tana goge ɗaki da ruwa kullum safe, damina ta zo ƙasa ta yi sanyi, katako ya yi ta sha. Da an rufe bakin nan huɗu, an sa ƙafafun roba ko an ɗora sif ɗin kan gindin katako mai ƙarfi, da ya ƙara shekaru. Domin kicin kuma akwai falle mai jure laima, wanda galibi cikinsa kore ne. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar bashi.

Shi bashin ba sai an ja magana ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba da rance. Kafintoci da yawa a yankin ba za su taɓa bashi mai ruwa ba saboda addini, kuma ko a bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, biyan wata-wata ba ya jiran kaka.

Batun Falgore ya cancanci a tsaya a kansa, domin dajin abin ƙauna ne ga duk ɗan yankin. Tun shekarun 1940 Turawa suka keɓe shi da sunan Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya shiga Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Akwai doka da maɗaci da marke da taura da ɗinya a cikinsa, kuma gaskiya ne yana raguwa. Sai dai duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ta wannan yanki ya ga abin da ake jibgewa a bakin titi: itacen girki da buhunan gawayi. Murhun birni ne ke cin dajin, da faɗaɗa gonaki da kiwo. Katakon da kafinta ke aiki da shi kuwa, galibi daga 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo yake sayowa, mafi yawansa daga dazuzzukan kudu da tsakiyar ƙasa aka yo lodinsa. Sannan masu yin kayan ɗaki sun riga sun koma MDF tun kafin wani ya zo da maganar inji. Gardamar yanzu kan yadda za a liƙa masa baki ce, kuma ko da hannu aka liƙa ko da injin Jamus, bishiya ɗaya ba ta ƙaru a Falgore ba. Jingina sayen na'ura da ceton daji zai sa mai shago ya ji kamar sadaka yake yi, alhali ciniki ne, kuma da ma'aunin ciniki ya kamata ya auna shi.

Haka nan zuwan iyayen amare Kano. Suna zuwa ne don su ga samfura da yawa a jere su zaɓa, su kuma iya cewa daga birni aka sayo. Abin da marubucin bai lura da shi ba shi ne, shagunan birnin da yake kwatance da su, da yawansu ba su da injin. A manyan biranen ƙasar nan masu sayar da falle ne ke ajiye zarto da injin tef. Kafinta ya kawo takardar awonsa, a yanka, a liƙa, ya biya kuɗin aiki, ya kwashe ya je ya harhaɗa. Inji ɗaya yana yi wa shaguna da dama aiki, shi ya sa yake mai da kuɗinsa.

Mutumin Tudun Wada ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Garin ya yi suna a shinkafa, amma ba kowane manomi ko kowace mai turara shanshera ke da injin casa a gida ba. Mutum ɗaya ya kafa, saura su kawo buhunansu su biya. Wuri ɗaya ko biyu irin wannan kudancin Kano ke buƙata a harkar katako, kuma Kwanar Ɗangora ta fi ko'ina dacewa. Nan hanyar Tudun Wada da Jos ta rabu da ta Zariya, tana kusa da mutanen Kiru da Bebeji, motocin Doguwa ta nan suke bi, ga kuma tashar rarraba wuta mai kilobolt 132 a wurin. Ko a nan ɗin ma, matsakaicin inji sabo wanda dillalinsa ke da makaniki da kayan gyara a cikin ƙasa ya fi tsohon ƙato mai suna. Zai fi kyau ya zama na mutum ɗaya mai karɓar kuɗin mita. In kuma ƙungiyar kafintoci ce za ta haɗa kuɗi, to ta ɗauki ma'aikaci guda ta horar da shi, a hana kowa taɓawa sai shi, domin saitin wuƙaƙen nan da kashi ɗaya cikin goma na milimita ake yin sa, hannu biyar suka shiga ya rikice.

Shi kuwa ƙaramin shago, abin da ya dace da shi shi ne injin hannu mai 'yar tukunyar gam, irin wanda Virutex na Sifaniya da Festool na Jamus ke ƙerawa, kamfanonin Sin kuma suka cika kasuwa da masu arha. Nauyinsa wajen kilo 10 ne, wutar gida mai layi ɗaya yake ci, kilowat ɗaya ko sama kaɗan. Janaretan da ke shagon zai ɗauke shi, har sola mai ƙarfi za ta iya. Yana tafiyar mita 2 zuwa 5 a minti, yana bin lanƙwasa, ana iya ɗaure shi a tebur domin ƙananan durowoyi. A haɗa shi da ɗan injin aske baki da abin datse kai. Da wannan, mita 960 ɗin nan aikin kwana biyu ko uku ne ga mutum biyu, kuma gam ɗin narkakke ne irin na babban injin. Gaskiya ne ba zai ba da kusurwa mai santsin ta masana'anta a kan tef mai kauri ba sai a hannun gwani. Irin wannan aiki, da babbar odar da ta fi ƙarfin shago, su za a riƙa kai wa wancan wuri na kowa da kowa.

Kuɗin da aka tsira da su kuma akwai inda suke da hakki. Yaran shago suna wuni cikin farar ƙurar MDF, ta cika musu gira da hanci. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar tun 1995, sinadarin fomaldihaid da ke cikin gam ɗin irin wannan falle kuma a 2004. Ƙaramin injin zuƙe ƙura a jikin zarto da takunkumi mai kyau ga kowane yaro sun fi gaggawa a kan duk wata na'ura mai sarƙa.

Kowane iri mutum zai saya, kada ya saya a hoto ko a bidiyon waya. Ya ɗauki guntayen fallen da yake aiki da shi, waɗanda zartonsa ya yanka, da tef ɗin da ya saba saya, ya je a liƙa a gabansa. Ya bari su huce, ya ɗaga kan tef ya fizge. In gam ya kama, tef zai taso da ɓarɓashin katako a bayansa. In ya fito fes, bai kama ba. Guntu ɗaya ya ɗora kan kwanon rufi ya yini a rana, ɗaya ya tsoma bakinsa cikin ruwa ya kwana. Sannan ya tambayi dillali: "Alhaji, in abin zafin tukunya ya ƙone, a ina zan samu, kwana nawa, kuma nawa ne?" In amsar ta fara da sai an yi oda daga waje, ya nemi wani dillalin.

Abin da ya rage marubucin zai iya kawowa shi ne wahalar kai katako wani gari a dawo da shi. Amma fallen nan dama daga Kano yake tasowa, kuma ta Kwanar Ɗangora yake wucewa kafin ya isa Tudun Wada ko Doguwa. Maimakon ya wuce sukutum, kusurwoyinsa suna karyewa a bayan a-kori-kura, sai a sauke shi a yanka, a liƙa, a ɗaure gunduwa-gunduwa da lamba a jikin kowace. Kayan da aka yanka haka a kwance suke tafiya, ba sa cin wuri kamar haɗaɗɗen sif, kuma kafintan Burji ko na Riruwai zai iya harhaɗa su a shagonsa, ko ma cikin ɗakin amarya ana gobe jere.